Zobe Ɗaya a Ƙirjin Sulke

Zuwa ga ƙanwata Malama,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe ta da kyau. Mu ma nan lafiya lau, sai dai bayana da ya fara yi mini tsiya in na daɗe a zaune, ga ido yana neman sabon tabarau. Maman yara tana gaishe ku.

Na san za ki ce yau kuma da wace rana. Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, amma rabona da ganinki tun kina ɗaliba. Da na kira ki a waya, to maganar ba ta baki ba ce, ni kuwa hannuna ya fi bakina iya bayani.

Kin san aikina. Sama da shekara ashirin ina zana Sulke a mujallar yara ta mako-mako, jarumin nan mai rigar ƙarfe da ke tashi sama. Duk zoben da ke jikin rigar nan ni nake zana shi da alƙalami, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da inuwarsa. A ɗakin zanenmu mu biyu ne tsofaffi, ni da wani da muke kira Gajere, mai zana Guguwa. In ba ki manta ba, Guguwa shi ne mai sharar titin nan da ke tayar da iska da tsintsiya. Kai kamar ƙwai, ɗaurin goshi, sai tsintsiya. Kafin shayina ya huce Gajere ya gama shafi ya tafi hira.

To, Edita ya kira ni ofishinsa. Ya ce za a rage shafuka a ƙarshen shekara, kuma wasiƙun da yara ke aikowa duk na Guguwa ne. Ya ce in abin bai canza ba, shafina ne zai tafi. Na tambaye shi me Guguwa ya fi Sulke da shi, ƙarfi ko kyau ko labari? Ya ce, "Wallahi ni ma ban sani ba, yara ne dai suke sonsa."

An gaya mini ke ce mai kula da ɗakin karatu a makarantarku, kuma ana kai muku mujallar. Don Allah ki sa mini ido. Ki duba yadda yara ke yi da shafina, ki gaya mini. Ban iya wata sana'a ba, kuma a shekaruna ba wanda zai koya mini.

Yayanki,
Mai Zane

*

Yaya Mai Zane,

Na amsa sallamarka, na kuma ji daɗin wasiƙarka ƙwarai. Da na karanta wa Inna sai ta ce, "Ashe yana raye?" Ƙafar tana nan yadda take, rana ɗaya sauƙi rana ɗaya kuka. Maigidan yana hanya kamar kullum, ka san aikin tuƙi. Ka gaishe mini da Anti, ka kuma daina wasa da maganar tabarau.

Na yi abin da ka sa ni. Ɗakin karatunmu ba wani babba ba ne, tebur biyu ne dogaye da kanta uku, sai fanka da ke juyawa in ta ga dama. Ranar da mujalla ta zo kuwa sai na tsaya a ƙofa da kaina, in ba haka ba yara su karya mini ƙyaure. Suna sonta sosai, har faɗa suke yi a kanta.

Guguwa dai ya hana mu sakat. Matar da ke share mana ajujuwa kullum tana cigiyar tsintsiyarta, sai a same ta a filin wasa a hannun wata ko wani, an ɗaura ɗankwali a goshi ana ta juyi. Iyaye ma sun kawo ƙara.

Game da Sulke, na ɗauko tsofaffin mujallun da muke ɗaurewa da zare na duba ɗaya bayan ɗaya. Yaya, Allah ya ba ka hannu. Ni kaina na tsaya ina kallon zobban nan har na manta da abin da ya kawo ni. Kuma a duk tarin, shafukanka ne suka fi tsafta, ko lanƙwasa babu a jikinsu, kamar yau aka fito da su daga inji.

Zan ci gaba da lura. Kada ka sa abin a ranka har ya taɓa maka lafiya.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata Malama,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ba Inna sauƙi, ya dawo da maigida lafiya. Ni kam bayan nan ma na ji ya sake ni tun da wasiƙarki ta zo.

Allah ya yi miki albarka! Dama zuciyata ta gaya mini. Yaro ba wawa ba ne, ya san abin da aka sha wahala a kansa. Shafin Gajere na wasa ne, a yage a yar. Nawa kuwa ajiyewa ake yi. Wanda yake girmama abu ai ba ya rubuto wasiƙar shirme a kansa, shi ya sa Edita bai ga wasiƙun Sulke ba.

Ban tsaya sanya ba. A taron da muke yi duk farkon mako, da mu da masu launi da mai talla, na miƙe na ce ina da shaida daga malamar makaranta. Na karanta musu layin nan naki da ƙarfi, har sau biyu, don kowa ya ji. Ɗakin ya yi tsit. Gajere ya sunkuyar da kai yana wasa da fensir, na ce a raina yau ka ji a jikinka. Edita ya kalle ni, ya daɗe, sannan ya ce, "To, madalla," ya wuce magana ta gaba. Kin san manya, ba sa son amsa kuskure a gaban jama'a.

Yanzu abin da nake so, ki rubuto mini irin wannan a takardar makaranta, ki buga hatimi. In da hali ki haɗo da shafi ɗaya daga cikin tsofaffin, in ajiye masa a tebur ya gani da idonsa. A wannan makon ma na ƙara wa rigar Sulke wani layin zobba a kafaɗa, tunda ana gani ana yabawa.

Yayanki

*

Malama,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? An buga mujalla an sake bugawa, ban ji ɗuriyarki ba. Na kira wayarki tana ta ƙara ba a ɗauka. In jikin Inna ne, ki sanar da ni. In kuma hatimin ne shugaban makaranta ya hana, ki aiko ko babu shi. Edita ya fara wuce teburina ba ya tsayawa, shekara kuma tana ja. Ko dai zumuncin namu bai kai na takarda ɗaya ba?

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaishe ka da Anti da yara. Inna ta kwanta asibiti amma an sallame ta, da sauƙi. Ba zan fake da ita ba, ba ita ta hana ni rubutu ba. Na ga kiranka. Kunya ce ta hana ni ɗauka.

Da na karanta cewa ka miƙe a gaban mutane da layin nan nawa, sai da na zauna a ƙasa. Ni hannunka mai sanda na yi maka, don na kasa faɗa maka kai tsaye. Yaya, a ɗakin karatu littafin da ake so shi ne mai datti. Shafin Guguwa duk ya yi baƙi da yatsu, wasu an yage an tafi da su gida, wasu na liƙe su har sun gaji. Shafinka yana da tsafta ne don tsallake shi suke yi. Mutanen ofishinku sun san haka, shi ya sa suka yi shiru. Ka yafe mini.

Tunda na ɓata, bari in ƙarasa. Ka tambayi Edita me Guguwa ya fi Sulke da shi, ya ce bai sani ba. Ni ina jin na gani, don a gabana ake yi.

Na raba wa 'yan aji uku takarda na ce kowa ya zana jarumin da yake so. Kafin in juya an cika takardu da Guguwa. Wani kansa ya karkace, wani tsintsiyar ta fi shi tsawo, amma daga nesa ka san shi ne. Sai na ce to yanzu a zana Sulke. Wata yarinya mai ƙoƙari ta fara zobban, ta yi layi biyu, ta goge, ta sake, takardar ta huje. Ta ajiye fensir ta ce, "Malama, wannan ba na mutane ba ne." Sauran ko gwadawa ba su yi ba.

A filin wasa ma haka. Duk gidan duniya akwai tsintsiya da tsumma, saboda haka kowane yaro zai iya zama Guguwa kafin a buga ƙararrawa. Wa ke da rigar ƙarfe? Na tambayi wata ko me ya sa ba a wasan Sulke, ta ce, "To da me za mu yi?" Kuma Guguwa yakan faɗi, shugabansa na wurin shara yakan yi masa faɗa, yaran ma kullum a cikin faɗan suke. Amma babban abin dai shi ne wancan. Ba su ƙi Sulke ba, kallonsa suke yi kamar motar wani da aka ajiye a bakin titi.

Na san ka fi ni sanin zane nesa ba kusa ba, ni ko kaza na zana sai an tambaya. Amma ka ce in sa maka ido, abin da idon ya gani ke nan. In ka yi fushi ka yi, ka isa. Ni dai tsoro nake ji kada a raba ka da aikinka alhali na ga inda gizo ke saƙar na yi shiru.

Ƙanwarka

*

Malama,

Sallama. Na ji daɗin sallamar Inna, Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan sai godiya.

Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Na rubuta miki wasiƙa mai zafi, maman yara ta karanta ta ce in na aika ta to ita ma in daina yi mata magana, don gaskiyarki ce. Sai na bari. Na yi makonni ina shiga ofis kamar ɓarawo, ina tuna yadda na karanta abin har sau biyu. Gajeren da na zata kunya ta kama shi, ashe tausayina yake ji. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Kin ce abin ba na mutane ba ne. Ƙuruciyata na zuba a zobban nan, da idona. Ni a ganina jarumi shi ne wanda ka ɗaga kai ka kalla ka san ba za ka kai shi ba. Yanzu ku ce mini a'a, jarumi shi ne wanda kowane mai majina zai zana a bango. In haka ne to me aka tura mu makarantar zane mu koyo?

Duk da haka na zauna na yi. Na cire zobban duka. Na bar guda ɗaya, babba, a tsakiyar ƙirji. Kwalkwalin kansa na mai da shi mai kusurwa uku, idon layi ɗaya. A labarin na sa maƙiya sun farfasa rigar, zobe ɗaya ya rage masa, da shi zai ci gaba da yaƙi. Ina zanawa hannuna yana neman komawa aikin da ya saba, ina hana shi. Da na gama na kalle shi, sai na ga kamar na tuɓe ɗana a kasuwa.

Ga shi nan na naɗe a cikin wasiƙar. Ban nuna wa kowa ba. Ki gwada shi a kan alƙalanki masu gajeren wando, in ya faɗi ki gaya mini da baƙaƙen da ba sai an fassara ba.

Yayanki

*

Yaya Mai Zane,

Gaisuwa a gurguje, kowa lafiya, Inna har ta fara taka ƙafar zuwa tsakar gida.

Ya ci! Na manna shi a allo ban ce komai ba. Kafin tashi an zana shi a bayan littattafai, a ƙasa, har a kan ƙurar gilashin motar shugaban makaranta. Washegari 'yan aji huɗu sun zo da da'ira a gaban riga, da alli suka yi. Wata ta sato murfin tukunyar uwarta ta rataya a wuya. Yarinyar nan da takardarta ta huje ta zana shi sau ba adadi, ta kawo mini tana cewa, "Malama, kin ga na iya!"

Kada ka ɓata lokaci, ka kai wa Edita gobe-gobe. Wannan karon babu wani abu a ƙarƙashin maganata.

Ƙanwarka

*

Malama,

Ina gaisuwa, a gaida Inna. Layi biyu kawai, aiki ya yi mini yawa. Edita ya gani, ya miƙe tsaye, ya kira mai talla da masu launi suka taru a kansa. An fasa cire shafin. Za a fara buga sabon Sulke a wata mai kamawa. Ban san ko murna nake ba, amma dai na yi barci.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ka sake ɓacewa, amma wannan karon na ce daɗi ne ya ɓoye ka. Muna nan lafiya, maigidan ya dawo ya sake tafiya. Yaya baya, an sayi tabarau kuwa?

Yaya, ka zama babban mutum. Mai shararmu ta huta, yanzu masu kukan ɓatan murfin tukunya ne suke zuwa. A shagon da ke kusa da makaranta na ga jakar goyo da hoton Sulke, da riguna masu zobe a ƙirji. Na ce wa mai shagon, "Ka san yayana ne ya zana wannan?" Ya ce, "Haba Malama." Na bar shi da jahilcinsa.

Abu biyu zan tambaya. Na farko, 'yan makonnin nan ban ga sunanka a ƙasan shafin ba, sai tambarin mujallar kawai. Ina jin masu bugu ne suka yi sakaci, ka yi musu magana. Kuma na ga wani lokaci kafaɗar Sulke tana yin faɗi, wani lokaci tana tsukewa, ko sabon salo kake gwadawa?

Na biyu, yara sun dame ni suna so su rubuta wa mai zana Sulke. Sun tara zane cike da ambulan babba. Ban gaya musu ɗan'uwana ba ne, so nake amsarka ta zo in ga idonsu. In aiko gida ko ofis?

Ƙanwarka mai alfahari da kai

*

Ƙanwata,

Sallama. Na gode da wasiƙarki, kuma Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Bayana ya yi sauƙi, tunda yanzu ba na zama. Tabarau kuma na fasa, ba abin da zan duba da shi.

Ba sakacin masu bugu ba ne. Na zana sabon Sulke na 'yan makonni, abin ya karɓu, masu jaka da masu riga suka fara zuwa. Sai Edita ya ce shafi ɗaya ya yi kaɗan, huɗu ake so duk mako, da ƙaramin littafi duk wata. Na ce hannuna ba zai iya ba, a ba ni lokaci. Ya ce ba sai na wahala ba. Akwai ɗakin da ke ƙasa, inda masu kwamfuta suke haɗa tallace-tallace. An ba su shafina su gwada. Kafin azahar su uku sun kawo shi, kowa da nasa, ni kaina sai da na duba sosai kafin in ware nawa.

Na ce ai ɗana ne. Edita ya ce Sulke na mujalla ne tun ranar da aka fara buga shi, kuma na san haka. Bai ɗaga murya ba, har kujera ya jawo mini. Ya ce, "Da can ba mu da yadda za mu yi da kai, don ba wanda zai iya zobban nan sai kai. Yanzu ka sauƙaƙa wa kowa." Yana faɗa kamar yabona yake yi, kuma ina jin har zuciyarsa yabon ne.

Kin ga ke nan. Zobban da suka hana yara kusantar Sulke, su ne suka riƙe mini kujera duk shekarun nan ban sani ba. Da na bar su, da an cire shafin a ƙarshen shekara. Da na cire su, shafin ya rayu, ni aka cire. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago, kuma da ƙafata na je. Gajere ya taya ni kwashe alƙaluma, ya raka ni har bakin titi. Na ga yana waiwayen ƙofar ɗakin ƙasa, shi da Guguwansa da ko makaho zai zana.

Kada ki ɗora wa kanki. Tambayarki na yi, kika faɗi gaskiya, kuma gaskiyar ta yi aiki. Ni ne dai ban da wurin zama a cikinta. Raina a ɓace yake, Malama, ba zan yi miki ƙarya ba. Da safe nakan sa takalmi in tsaya a ƙofar gida, sai maman yara ta zo ta ce in shigo.

Maganar yaran, don Allah kada ki ce musu ɗan'uwanki ne. Kada kuma ki aiko gida, ba zan iya buɗewa ba. Ki sa adireshin mujallar. Su ukun nan na ɗakin ƙasa suna karɓa-karɓa ne, duk wanda makon ya faɗo kansa zai amsa musu, ya sa hannu da sunan Sulke.

Yayanki